Kiran Inna a Kilomita na Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Mai Tabarau ya yi yana gina tumbinsa a ƙasar mutane, kuma ko kaɗan bai taɓa jin kunyarsa ba. Lokacin da ya zo siriri ne, sai da ya ƙara huda bel sau biyu kafin wando ya tsaya masa. Aikin da ya samu kuwa na zama ne, a wani shagon tabarau da ke ƙasan dogon bene: kujera mai taya, injin yankan gilashi a dama, tiren ƙananan sukurori a hagu. Daga safe zuwa yamma yana auna tazarar idon mutane, ya yanka gilashi ya zauna a firam, ya ɗumama hannun tabarau ya lanƙwasa shi daidai bayan kunne. Ko wani abu yake so a ƙarshen shagon ba ya tashi, sai ya tokari ƙasa da ƙafa kujerar ta kai shi. A haka tumbin ya taso sannu a hankali cikin mutunci, shi kuma ya ɗauke shi shaidar cewa zaman waje ya karɓe shi. Duk hoton da zai tura gida a ɗan karkace yake tsayawa, don a ga abin da kyau.

Babbar mai goyon bayan tumbin nan ita ce Inna, mahaifiyarsa. Kowace Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma ƙanwarsa Auta takan riƙe mata waya su yi kiran bidiyo. Inna ta kawo fuskarta dab da gilashin wayar, ta ƙare masa kallo, sannan ta ce, "Masha Allah, Babana, jiki ya yi kyau. Ina 'yata? Allah ya yi mata albarka, ta iya riƙon miji." Babana take ce masa saboda sunan mahaifinta aka sa masa. 'Yar tata kuwa matarsa ce, Maman 'Yan Biyu, wadda kan leƙo ta bayan kafaɗarsa ta karɓi albarkarta ta mako, ta koma kicin tana murmushi.

Wata Talata ce ta lalata wannan tsari. Ya je asibiti ne kawai don a cike masa takardar wurin aiki. Likitar, wata 'yar ƙaramar mace da ya tabbata ya girme ta da shekara goma sha biyar, ta auna shi, ta sake aunawa, ta sa aka ɗebi jininsa. Bayan mako guda ta zaunar da shi ta yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba. Jininsa ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa, saura ya yi sallama. Ta tambaye shi ko akwai mai ciwon suga a danginsu.

Akwai. Mahaifinsa yana da shekara hamsin da biyu ciwon ya ɗauke shi. Da yatsan ƙafa ya fara, ya ci ƙafar, ya koma ƙoda. Shekara biyu Inna ta yi tana jinya, tana wanke miki, tana juya shi a gado, kuma har yau ba a ambaton sunan ciwon nan a gabanta. Mai Tabarau yana da arba'in da bakwai. Ya yi lissafin a zuciyarsa tun kafin likitar ta rufe baki, tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

A cikin bas ya yanke shawara biyu. Zai rage jikin nan ko ta halin ƙaƙa, kuma Inna ba za ta ji ba. Ya faɗa wa Maman 'Yan Biyu duka biyun a tsaye a kicin, ko jakarsa bai ajiye ba. Ta farkon ta amince nan take. A kan ta biyun kuwa ta ce, "Uwa ce fa. Za ta gani."

"Ta waya? Me za ta gani ta waya?" in ji shi. Ya manta cewa shi da hannunsa ya yanka wa Inna gilashin da take sawa, ya zaɓa mata mafi kyau a shagon, ya aika mata bara.

Maganar gudu likitar ce ta kawo ta, kuma a nan ne ya fi jin nauyi. A inda ya taso babban mutum ba ya gudu. Yaro yana gudu, ɓarawo yana gudu, wanda kare ya biyo yana gudu. Amma magidanci mai furfura a gemu, in aka hango shi a guje, kowa tashi yake ya fara neman takalminsa kafin ya tambayi dalili. Don haka sai ya fara da ɓangaren da ya fi sauƙi, wato sayayya. Ya sayi takalmi mai ruwan lemo wanda ake hangowa daga ƙarshen layi, da agogo mai ƙirga bugun zuciya, da ɗamara mai ɗaukar gorar ruwa biyu, da safa ta musamman wadda aka rubuta wa dama da hagu. Kwana tara kayan suna cikin leda a bayan ƙofa, shi kuma yana jin kamar ya ɗan fara ramewa.

Ranar da ya fita, ya zaɓi filin shaƙatawa na bayan tashar jirgin ƙasa, inda ya tabbatar babu ɗan garinsu da zai gan shi. Ya tashi da ƙarfi kamar an ce ga wuta. Daga ƙofar filin zuwa turken fitila na uku, nan duniya ta ƙare masa. Ya rungume turken da hannu biyu yana haki, gorar ruwan guda ta faɗo ta gangara cikin ciyawa, agogon kuma ya yi ƙara ya rubuta masa cewa ya yi ƙoƙari.

Wadda ta tsinto masa gorar wata tsohuwa ce, gashinta fari fat, ƙafafunta sirara. Ta riga ta wuce shi sau biyu. Daga baya ya ji cewa shekararta saba'in da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki ta yi su tana raba wasiƙu gida-gida da ƙafa, shi ya sa kowa a filin yake ce mata Mai Wasiƙa.

"Wa kake tsere da shi?" ta tambaye shi.

Ta miƙa masa gorar.

"Gobe ka zo ƙarfe shida da rabi. Ka bar ɗamarar nan a gida, ba sahara za ka ƙetare ba. In ba za ka iya yi min hira kana gudu ba, to ka yi sauri da yawa."

Haka ya zama ɗalibin tsohuwa. Minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya. Ta sha fama da shi a kan gaisuwa, domin duk wanda suka haɗa ido da shi sai ya rage gudu ya ɗaga hannu ya tambayi lafiyarsa, mutanen kuma su bi shi da kallo suna tunanin inda suka san shi. Akwai wani mai share filin da ya amsa masa da fara'a sau ɗaya, shi ke nan ya jawo wa kansa, kullum sai Mai Tabarau ya tsaya cak ya tambaye shi iyali. Mai Wasiƙa takan tsaya can gaba tana tsalle a wuri ɗaya, tana duba agogo.

Abin mamaki, jikin ya fara amsawa. A wata na biyu ya zagaye filin ba tsayawa. A wata na huɗu ya yi kilomita biyar cikin ruwan sama, ya dawo gida a jiƙe yana dariya shi kaɗai a kan matakala. Barci ya dawo masa, ciwon kan la'asar ya tafi, kuma kewar gida da takan danne masa ƙirji da safe ya lura tana sakinsa wajen zagaye na biyu. Kilo goma sha huɗu suka zube. Shagon tabarau kuwa ko'ina madubi ne, sai ga Mai Tabarau ya koma tashi da ƙafarsa yana ɗauko abubuwa, ba don motsa jiki ba, don ya ga kansa yana wucewa.

Gudu dai shi yake yi, amma rabin aikin a kicin ake yinsa. Maman 'Yan Biyu tana aiki a gidan renon yara daga bakwai zuwa uku, ta wuni tana ɗaga 'ya'yan mutane tana sauke su. Ta dawo ta ɗora tukunya biyu, ɗaya tata da 'yan matan, ɗaya tasa mai ƙarancin gishiri da mai. Ta sayi ɗan ƙaramin sikeli tana auna masa shinkafa. A kanti takan tsaya ta juya kowane gwangwani tana karanta ƙananan rubutun bayansa har masu turo keken kaya su gaji su zagaye ta. Ita ta ɓoye sukarin shayi a saman kabad, ita kuma ta san ya gano wurin, ta sake masa maɓoya.

Inna ta gani tun a wata na biyu.

"Babana, matso da fuskarka. Kumatunka fa?"

"Hasken ɗakin ne, Inna."

Mako na gaba ya rufe labule. Na gaba da shi ya sa suwaita a ƙarƙashin riga. Da abin ya ci gaba sai ya koma suwaita biyu, ya gano kuma cewa in ya ɗora wayar a cinya ya sunkuyar da kai, haɓarsa takan ninku ta ba da wani abu mai kama da na da. Mutumin da ya wuni yana gyara wa jama'a gani, shi ne duk Lahadi da ƙarfe huɗu saura kwata yake tsaye gaban madubi yana cusa ƙaramin tawul a ciki don ya rikita idon uwarsa. 'Yan biyun sukan zauna a kan gado suna ba shi shawarar inda ya fi kama da gaske. Yakan gama kiran gumi na bin bayansa, ya tuɓe kayan yana jin ya yi dabara.

Wata Lahadi Inna ba ta yi dariyar komai ba. Ta bar shi ya gama surutunsa, sannan ta ce, "Agogon hannunka yawo yake yi. Ka faɗa min gaskiya, ana ba ka abinci a gidan nan kuwa?"

Ga ƙofa an buɗe masa, ya faɗi gaskiya ya huta. Ya dubi fuskar Inna, ya tuna ta a bakin gadon mahaifinsa da kwanon ruwan ɗumi, sai ƙarfin halin ya gudu ya bar shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ana ba ni mana. Kin dai san yanzu ayyuka sun yi mata yawa."

Bai ɗauki maganar a bakin komai ba sai da ya ɗaga kai. Maman 'Yan Biyu tana tsaye a ƙofar kicin da ɗan sikelin a hannunta. Ta dube shi, ta juya ta koma ciki. Ran nan ma an auna masa shinkafarsa daidai, ba ƙari ba ragi.

Daga ranar "ina 'yata" ta ɓace daga bakin Inna. Ta koma "matar gidan tana nan?" Daga baya ma sai Maman 'Yan Biyu ta durƙusa gaban waya ta yi gaisuwa, a amsa mata da "lafiya" guda ɗaya, a ce a miƙo yara. Mai Tabarau yana gani. Kowane mako yakan ce wa kansa wannan Lahadin zai gyara, kowace Lahadi kuma sai ya sami kansa gaban madubi da tawul. A tsakanin nan ne Mai Wasiƙa ta sa shi ya yi rajistar tseren kilomita goma da ake yi a unguwar, ya sami abin da zai cika kansa da shi.

Ana saura kwana biyu tseren, ya dawo daga aiki ya tarar da ita zaune a kicin, ba komai a kan wuta, waya a gabanta. Idonta ya yi ja.

"Mamata ce ta kira," ta ce. "Inna ta aika Kawunka gidanmu."

"Kawu? Ya je yin me?"

"Ya je tambaya cikin ladabi ko akwai abin da aka yi min da nake horar da kai da yunwa. A gaban yayyena. Mahaifina bai iya ɗaga ido ya dube shi ba, haƙuri kawai ya yi ta bayarwa." Muryarta ba ta tashi ba, shi ne ma abin da ya fi tsorata shi. "Wata biyar ina tashi kafin kowa saboda kai. Ban nemi a gode min ba. Amma tsohona ya ba da haƙuri a kan laifin da ban yi ba, kai kuma kana nan kana cusa tawul."

"Zan faɗa mata. Wallahi ranar Lahadi, da na dawo daga tseren nan."

"Lahadi nawa ka ce min haka?" Ta tashi ta ɗauko tukunya. "Ni ba zan faɗa mata ba, ba a bakina za ta ji ciwon ɗanta ba. Amma na gama durƙusa wa wayar nan. Kuma ka sani, yadda nake kallonka ya fara canzawa, ba na kuma son hakan."

Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya masa a rai. Ya so ya ce wani abu mai nauyi, ya duba bai samu ba, sai ya tambaye ta ko za ta zo tseren. Ta ce ta riga ta yi wa yara alkawari.

Safiyar Lahadi aka tashi da sanyi da rana mai haske. Mutane sun fi ɗari biyar a bakin layi, kowa da takardar lamba a ƙirji, tasa a karkace. Singileti ne a jikinsa da gajeren wando, wayarsa a aljihun damtse. Maman 'Yan Biyu ta karɓi rigar sanyinsa ba tare da ta dube shi ba, ta ja yaran suka nufi inda ake ƙarewa. Aka busa, aka tashi.

Kilomita shida na farko sun yi masa daɗi fiye da yadda ya cancanta. Yana gefen Mai Wasiƙa, numfashi daidai, ƙafa daidai, har ya wuce wani saurayi mai faɗin kafaɗa ya ji wani sanyi a ransa. Ya gaishe da mutum biyu kacal. Sun wuce allon kilomita na bakwai ke nan, a kan wata 'yar gada, sai damtsensa ya fara kiɗan da ya ware wa lambar Auta.

Ƙarfe goma saura na safe. Inna ba ta taɓa kira a wannan lokacin ba, kiran gida a lokacin da ba a saba ba kuwa kowa ya san abin da yake kawowa. Ban da haka, tun da ya mallaki waya bai taɓa barin kiran Inna ya katse ba, ko yana wanka ne sai ya fito da kumfa. Duk sauran mutum ɗari biyar ɗin nan da sun bari sai sun gama. Shi hannunsa ya riga kansa, ya zaro wayar ya danna, ya ɗaga ta sama yana ci gaba da gudu.

Fuskar Inna ta cika gilashin, da tabaraunta masu kyau. Ta ga wuya, ta ga ƙashin kafaɗa, ta ga singileti jiƙe da gumi, ta ga baki a buɗe. A bayansa kuma ta ga jama'a maza da mata sun cika titi, kowa a guje.

"Innalillahi! Babana, me ya faru? Me ya biyo ku? Ina yaran?"

"Ba... ba komai, Inna."

"Ba komai gari guda yake gudu? Ka nemi gida ka shiga mana."

Mai Wasiƙa ta waiwayo ta yi masa alamar ya kashe. Ya girgiza kai. Ta ɗaga kafaɗa ta yi gaba, shi kuma ya ratse gefe ya zauna a kan dakalin gadar, ƙafafun mutane suna wucewa ta gabansa. Ya yi wa Inna bayanin cewa tsere ne, na ganin dama, har kuɗin shiga ake biya. Ya ji muryar Auta a gefe tana ƙoƙarin danne dariya.

Inna ba ta yi dariya ba. "Ni na ce ta kira ka yanzu, ba zato, in ga abin da kake ɓoyewa a cikin rigunan nan. Mutum yana gumi yana ce min sanyi ake yi. Ka ɗauka yau na fara ganinka?" Ta matso da fuska. "Dube ka. Rabinka ya tafi. Me yarinyar nan take yi maka?"

Wani mai rigar agaji ya zo da ruwa yana tambayar ko lafiya, ya ɗaga masa hannu. Babu labule a nan, babu suwaita, kuma ya gaji da yawa, ba shi da ƙarfin ƙirƙiro wata ƙaryar.

"Inna, ciwon Baba ne ya leƙo ni. Wata biyar ke nan. Bai kama ni ba tukuna, likita ta ce in na rage jiki ina motsawa zai iya wuce ni. Shi ya sa nake gudu. Na ji tsoron faɗa miki ne."

Dariyar Auta ta ɗauke. Inna ta cire tabaraun ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallon wani wuri da ba ya cikin hoton. Ya taɓa ganin wannan kallon, kuma saboda kada ya sake ganinsa ya yi duk haukan da ya yi.

"Ubanka ma an faɗa masa," ta ce a hankali. "Tun da sauran lokaci. Likita ya ce ya riƙa zagaya unguwa da ƙafa safe da yamma, ya rage ci. Ya yi kwana uku. Ni na hana shi. Na ce mutum kamarsa ba zai riƙa yawo a titi kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba, mutane su ce na kasa riƙe shi. Na ƙara masa mai a miya don kada a ga ya rame." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko Auta yau ta ji."

Mai Tabarau ya zauna da waya a hannu, a gajeren wando, yana kuka a gefen titi. Masu wucewa suka ɗauka ƙafa ce ta riƙe masa, wata mata har ta dafa kafaɗarsa ta ce saura kaɗan.

Inna ta mayar da tabaraun. "Abincin da likitar ta ce, wa yake yi maka?"

"Ita. Tukunya biyu take ɗorawa kullum. Har sikeli ta saya."

"Kana sane ka bar ni na aika Kawunka gidan mutane."

"Na bar ki, Inna."

"Kai dai an yi babban banza," ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai karanta abin da aka rubuta. "Tana ina?"

"Tana can inda ake ƙarewa, ita da yara. Saura kilomita uku."

"To zaman me kake yi? Tashi ka kai ni wurinta. Kada ka kashe."

Haka ya yi kilomita ukun ƙarshe, hannu ɗaya a sama riƙe da uwarsa. Ƙafafun sun sandare saboda zaman, kowane taku sai ya ji shi har ƙugu. Can sai Inna ta fara lura da hanya. Ta ce ya daina jijjiga ta, jiri take ji. Ta ce ya rufe baki kada ƙuda ya shiga. Da wani dattijo mai ɗaure da gwiwa ya zo ya wuce su, ta ce, "Wannan ma?" Auta ta dawo da dariyarta, shi kuma ya ƙara sauri, ba don lafiya ba, don kunya.

Lokacin da ya iso an fara kwance igiyoyin gefen hanya. Mai Wasiƙa tana zaune a kan ciyawa ta canza takalmi har ta gama cin ayabarta. Wata yarinya ta rataya masa lambar ƙarfe a wuya, 'yan biyun suka rugo suna tsalle. Ya wuce su kai tsaye zuwa inda Maman 'Yan Biyu take tsaye da rigar sanyinsa a hannu, ya miƙa mata wayar.

Ta duba ta ga ko wace ce. Fuskarta ta ɗaure, ta gyara mayafi, ta fara rusunawa a nan kan titi duk da abin da ta ce shekaranjiya.

"Miƙe, 'yata," in ji Inna. "Ni ce da durƙuso yau, gwiwa ce ba ni da ita. Ya faɗa min. Abin da na kasa yi wa ubansa shi kike yi masa, ni kuma na saka miki da aike. Ki yafe min. Gidanku da ƙafata zan je, ba Kawu ba."

Maman 'Yan Biyu ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo. Ta juya masa baya ta yi 'yan taku, tana cewa, "Haba Inna, haba Inna, ba komai wallahi." Shi kuwa yana tsaye da lambarsa a wuya, ba wanda ya tambaye shi minti nawa ya yi, ko da yake ya shirya amsar har da uzurin gada. Ya ji daɗi, ya kuma ji kunya, kunyar ta fi yawa.

Sun daɗe suna magana. Can ta waiwayo, ta kife wayar a ƙirjinta don kada a ji, ta dube shi ido cikin ido karo na farko tun ranar Juma'a.

"Ta Inna ta wuce," ta ce. "Taka daban ce. Mahaifina za ka kira da bakinka, yau, kafin ka ci komai."

"To," ya ce.

Ta miƙa masa rigar sanyin da jakarta da gorunan yara, ta mayar da wayar gaban fuskarta ta yi gaba tana yi wa Inna bayanin sikelin. Ya bi su a baya da kayan, yana ɗingishi, yana haɗa kalmomin da zai fara gaishe da surukinsa da su.